Yadda Ake Zagaya Duwatsun Abzin: Daga Agadas Zuwa Timiya, Asode da Iferwan

Duk wanda ya taɓa jin labarin ayarin gishirin Bilma ko dokin Bagazam ya riga ya ji sunan Abzin. Ƙasa ce ta baƙaƙen duwatsu a arewa da Agadas, cikin Jamhuriyar Nijar, masu ita, Abzinawa, suna kiranta Ayar. A tsakanin duwatsun akwai kwaruruka da kwazazzabai da koramu na yashi, kuma komai na ƙasar a cikin koramun nan yake: rijiyoyi, lambuna, ƙauyuka, har hanyar mota. Koramar da za ta shayar da kai ita ce kuma za ta iya tafiya da motarka idan ka kwana a cikinta.

Wannan bayani na mai shiga karon farko ne, da mota, tafiyar kwana bakwai zuwa tara: daga Agadas ta Dabaga da Elmeki zuwa Timiya, a ratsa kufan Asode a kai Iferwan, a dawo ta hanyar Arlit a tsaya a Dabus.

Kayan tafiya

Mota biyu ake so, ba ɗaya ba, kuma masu jan ƙafa huɗu, irin su Land Cruiser ko Hilux, waɗanda a Nijar ake ce wa kat-kat. Mai shan gas ta fi, domin ta fi jure ƙaramar giya kuma man gas bai cika kama wuta a jarka ba. Kowace mota ta ɗauki tayoyin ajiya biyu, jak mai ƙarfi da guntun katako mai faɗi da za a ɗora shi a kai cikin yashi, shebur, famfon iska da ma'auninsa, kayan faci, igiyar ja, fambel, tacen mai, baƙin mai lita biyar da man birki. A ƙara farantan ƙarfe biyu na fitar da mota daga yashi. In ba a samu ba, tsofaffin tabarmin roba masu kauri ko buhunan da aka cika da yashi rabi suna yin aikin, sai dai a hankali.

Lissafin mai: zagayen ya kai kimanin kilomita 800, amma ka yi lissafin 1,000, domin ratse da komawa baya ba sa rasuwa. A yashi da dutse ka ɗauka mota za ta sha lita 20 a kowace kilomita 100. Lita 200 ke nan ga kowace mota. Abin da tanki bai ɗauka ba a zuba shi a jarkokin ƙarfe masu lita ashirin-ashirin. Ana samun man bumburutu a wasu ƙauyuka, amma kada ka gina tafiyarka a kansa, kuma in dole ta sa ka saya, ka tace shi da tsumma mai tsabta.

Lissafin ruwa: lita 6 na sha ga mutum ɗaya a yini lokacin sanyi, da lita 4 na girki da alwala. Mutum takwas, lita 80 a yini. Ba za ka iya ɗaukar na kwana tara ba, don haka ƙa'idar ita ce kullum a samu na kwana uku a cikin mota, a cike duk jarkar da ta yi ƙasa a kowace rijiya, ko da an cika jiya. A raba ruwan cikin jarkoki da yawa. Tanki guda babba in ya tsage a kan duwatsu, shi ke nan. A ware lita 20 na lagireto da ba mai taɓawa. A tafi da guga da igiya mai tsawon mita 30, domin ba kowace rijiya ake tarar da guga a bakinta ba. Salka da aka rataya a jikin mota tana sanyaya ruwa fiye da kowace roba. In babu salka, a naɗe jarka da buhun algarara a riƙa jiƙa shi.

Abinci mai jure hanya: shinkafa, taliya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, busasshen tumatir, man gyaɗa, garin fura da cuku. Ganyen shayi da sukari a saya fiye da buƙata, saboda su ne gaisuwar ƙasar. Gawayi ko tukunyar gas daga Agadas, kada a dogara da itacen daji.

Na jiki: rawani, riga mai dogon hannu, takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa saboda ƙaya da kaifin dutse, bargo biyu, rigar sanyi, tabarma, tocila da batura, man kaɗanya na leɓe da dunduniya. Na magani: bandeji, maganin zazzaɓin cizon sauro, na ciwon jiki, na gudawa, ƙwayoyin tsabtace ruwa irin su Aquatabs, ɗan hantsaki na cire ƙaya, da maganin duk wani mai ciwon suga ko hawan jini ninki biyu.

Kuɗi a hannu, sefa, ƙananan takardu. Mutumin Najeriya ya riƙe wannan: a kasuwa da dala ake ƙirga. Dala ɗaya sefa 5 ce. In mai lambu ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi, jaka ɗaya kuwa sefa 1,000.

Mataki na 1: Zaɓen lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Rana da daɗi, dare kuwa da sanyi mai ratsa ƙashi, a kan tsaunuka har ruwa kan kusa daskarewa. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi ya wuce na baƙo, kuma lissafin ruwan sha zai kusa ninkawa. Yuli zuwa Satumba damina ce. Ƙasar ta fi kyau a lokacin, amma ban ba sabon shiga shawarar ta ba, domin koramu suna kawo ruwa ba sallama. A farkon Satumban 2009 koramar Telwa ta shiga Agadas da kanta ta rushe gidaje masu yawa, kuma wannan birni ne, ba sansanin mutum takwas ba.

Mataki na 2: Kwana biyu a Agadas

Daga Kano ana bi ta Daura a shiga Damagaram, sai Tanut da Adarbisanat, kimanin kilomita 450 daga Damagaram zuwa Agadas. Daga Sakkwato ana bi ta Illela, Ƙonni, Tawa da Abalak. A riƙe fasfo da katin rigakafin shawara da cikakkun takardun mota.

Kada ka iso yau ka ce gobe da asuba za ka shiga duwatsu. Abu uku za ka gama a Agadas.

Na farko izini. Dokokin tafiya a jihar suna canzawa da yanayin tsaro, kuma an sha samun fashi da sace mutane a yankin. Je wurin hukuma ka faɗi hanyar da za ka bi, garuruwan da za ka kwana da ranar dawowa. In an ce sai da rakiyar jami'an tsaro, da rakiya za a tafi. In an ce hanya kaza a rufe take, an rufe magana. A buga takardar sunayen matafiya da lambobin motoci kwafi goma sha biyar, a riƙa miƙa ɗaya a kowane shinge, yana rage zama. Wayar tauraron ɗan'adam tana da amfani ƙwarai, domin layi yana ɗaukewa da zarar ka yi nisa da manyan ƙauyuka, amma ka bayyana ta ga hukuma tun farko. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi ka bar shi a gida.

Na biyu jagora. Wannan ya fi mota muhimmanci. Nemi ɗan ƙasa, wanda danginsa suke Timiya ko Iferwan ko Tabelot, ta hannun kamfanin yawon buɗe ido mai rajista ko ta mutumin da ka amince da shi. Tambaye shi: yaushe rabonka da wannan hanya? Wace rijiya ce ke da ruwa bana? In mota ta lalace tsakanin Timiya da Asode, wa za ka kira? Wanda ya amsa da sunaye shi ne jagora. Wanda ya ce maka "babu matsala" kawai, ka ci gaba da nema. A yi ciniki a gaban shaida: kuɗin yini, abincinsa, da abin da za a ƙara in kwanaki sun ƙaru. Dalilin da ya sa ba a yin wasa da wannan shi ne, a tawayen 2007 zuwa 2009 an binne nakiyoyi a wasu hanyoyin arewacin Abzin, musamman wajen Iferwan. Ba a barin sawun da jagora ya nuna don a yanke hanya.

Na uku ganin garin, domin a nan tarihin da za ka gani a duwatsu ya tattaru. Sarautar Abzin ta kafu a farkon ƙarni na 15, daga baya ta zauna a Agadas. Babban masallacin an gina shi wajen 1515, aka sake gina shi a 1844, hasumiyarsa ta ƙasa ce zalla mai tsawon mita 27. Matakalarta tana ƙara matsewa in ana hawa, don haka mai jiki ko mai ciwon ƙirji ya tsaya a ƙasa. Fadar Sarkin Abzin tana kusa da shi, kuma kai gaisuwa ta hannun jagora abu ne mai kyau. Akwai gidan da Baturen nan mai yawon binciken ƙasashe, Barth ɗan Jamus, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a 1850. UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Hausa ce harshen kasuwa da titi, ba za ka sha wahalar magana ba.

Kafin fita, bar wa mutum ɗaya a gari takardar hanyarku da wannan umarni: in rana kaza ta wuce da kwana ɗaya ba ka ji mu ba, ka sanar da hukuma.

Mataki na 3: Tuƙi cikin korama

Agadas zuwa Timiya kimanin kilomita 220 ce, amma kada lambar ta ruɗe ka. Yini guda ne cur, kuma ya fi daɗi a raba shi biyu a kwana wajen Elmeki, inda aka daɗe ana haƙar kuza. A tashi bayan sallar asuba, domin da sanyin safiya yashi ya fi tauri.

Hanyar tana canza fuska sau da yawa a awa ɗaya: fako, tsakuwa, hawan dutse, sai gangara cikin yashi. Iskar taya ita ce sirrin. A kan dutse a bar ta cike, awo 35 zuwa 40 a ma'aunin masu faci gwargwadon nauyin kaya. In za a daɗe cikin yashi mai laushi a rage zuwa 20 ko 22, taya ta baje ta hau kan yashin maimakon ta tona shi. Kuskuren da ya fi cin tayoyi shi ne a fito daga korama a hau dutse ba a mayar da iskar ba. Gefen tayar ya kumbura waje, kaifin dutse ya yanke shi, yankan gefe kuwa ba ya facuwa. Minti goma na famfo ya fi asarar taya.

A cikin yashi a sa giya ta biyu ko ta uku tun kafin a shiga, a riƙe wuta daidai, kada a canza giya a tsakiya, kada a taka birki da ƙarfi. Motar baya ta bar tazara, ta tsaya a kan tauri har ta gaba ta fita. Kowane direba shi ke da alhakin motar da ke bayansa: in ka daina ganinta a madubi, tsaya.

In mota ta kafe, ɗaga ƙafa daga totur nan take. Ƙara wuta binne ta yake yi har ciki ya zauna. Kowa ya sauka. A tone yashin gaban tayoyi huɗun har ya zama gangare mai sauƙi, a duba ko cikin motar ya taɓa ƙasa a tone nan ma, a ƙara rage iska zuwa 15, a cusa faranti ƙarƙashin tayoyi, a sa giyar ƙarfi a fita a hankali. Sau da yawa komawa baya a kan sawunka ya fi sauƙi. In za a ja da igiya, a ɗaura ta a ƙugiyar da aka yi don ja, kowa ya matsa nesa, domin igiyar da ta tsinke tana karya ƙafa.

In inji ya yi zafi, abin da ya fi faruwa in iska tana bin bayanku, a juya hancin motar ya fuskanci iska, a buɗe bonet, a bar injin yana aiki a hankali. Ba a buɗe murfin lagireto sai ya huce.

In kun tarar korama ta kawo, ku jira. Yawanci cikin 'yan awanni take sauka. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana iya ɗaga mota. Bayan ya wuce ma, mutum ya fara ratsawa da ƙafa da sanda, domin yashin da ya sha ruwa yakan yi kamar ya bushe a sama alhali ƙasansa taɓo ne.

Mataki na 4: Wurin kwana

A tsaya da la'asar sakaliya, da sauran rana. Ba a tuƙin dare.

Yashin korama yana da laushi, ga inuwar bagaruwa da goruba, ga itace, shi ya sa baƙo yake son shimfiɗa a nan. Kada ka yi, ko da rani ne, don jikinka ya saba da ƙa'idar. Ruwan da zai zo ba a kanka zai sauka ba, a kan wani tsauni ne mai nisan kilomita da yawa, kai kuwa kana ganin taurari. Dubi jikin itatuwan bakin korama, za ka ga ciyayi da karare sun maƙale a rassa. Nan ruwa ya kai a baya. Sansani ya zama sama da wannan alama, a kan tudu, motoci suna fuskantar mafita.

Kada kuma a sauka dab da rijiya. Ta makiyaya ce, dabbobinsu da matansu ba za su iso ba in baƙi sun tare wurin. A ba ta tazarar mita 300. A share wurin shimfiɗa, kada a ɗaga dutse da hannu sai an ture shi da ƙafa, a kakkaɓe takalmi da bargo da safe saboda kunama. Ruwan tumfafiya kada ya kusanci ido. In ruwa ya yi ƙaranci, taimama ta wadatar, a bar shi na sha. Shara a ƙona mai ƙonuwa, gwangwani da batir a koma da su Agadas.

Mataki na 5: Shiga ƙauye

Kafin a kai Timiya da 'yan kilomita akwai magangarar ruwa da ke zuba daga baƙin dutse cikin wani tafki. Daga nan sai korama ta buɗe, lambuna su bayyana kore shar a gindin tsaunuka: lemun zaƙi, rumman, inabi, dabino, alkama, albasa, tafarnuwa. Har yanzu a wasu lambunan za ka ga raƙumi yana jan guga daga rijiya yana juyewa a kwararo, dabarar da suke kira tekarkart, ko da yake injin ban ruwa ya karɓe yawancin aikin. A kan tudu akwai ganuwar da sojan Faransa suka gina a farkon shekarun 1950, ana kiranta da sunan Massu, wani hafsan sojan Faransa. A hau ta da yamma, daga can ake ganin yadda garin ya bi tsawon korama.

Ga yadda ake shiga. A rage gudu tun daga nesa saboda ƙura da yara da awaki. A fara da gidan mai gari, jagora a gaba. A yi sallama, a zauna, a gaisa gaisuwa mai tsawo: gida, iyali, dabbobi, sanyi, gajiya. Kada ka kawo buƙatarka sai an tambaye ka. Yawancin maza suna jin Hausa saboda fatauci, amma kalma uku na Tamajak, harshen mutanen ƙasar, suna buɗe fuska: oyiwan ita ce gaisuwa, alkher ghas ita ce amsa, wato alheri kawai, tanemmert kuwa godiya. Ka kira su Abzinawa. Kalmar Buzu da muka saba da ita tana da wata ma'ana ta asali a wurinsu, ba kowa ke son ta ba.

Shayi zagaye uku ne, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne, don haka kada ka zauna in ka san kana sauri. Namiji yana rufe bakinsa da amawali, musamman gaban manya da surukai. Ba a ce masa ya buɗe don hoto. Ba a ɗaukar mace ko yaro ko cikin gida sai da izini, kuma in an yi shiru ko an kau da kai, an ƙi ke nan, domin kunyarsu ba ta barin su ce a'a ƙiri-ƙiri. A sansanin makiyaya tanti na mace ne. Ka tsaya daga nesa ka yi sallama har a fito.

Kyauta a ba mai gari ko shugaban makaranta ko mai kula da ɗakin shan magani: shayi, sukari, sabulu, littattafan rubutu. Raba wa yara alewa da kuɗi ta tagar mota yana koya musu bin motoci, kuma an fi son a daina. Hanya mafi kyau ta amfanar gari ita ce ciniki. Sayi lemu da rumman a lambu, cuku a wurin mata, azurfa da kayan fata a wurin maƙera, ka ɗauki ɗan gari ya yi maka jagorar ƙafa. Ba a tsinkar ko ɗan lemu ɗaya sai mai lambu ya miƙo.

Mataki na 6: Tafiyar ƙafa cikin kwazazzabo

Mafi kyawunsu suna jikin tsaunin Tamgak, gabas da Iferwan, inda bango ke tashi dama da hagu, da tafkuna a cikin dutse da ake kira agelman. A can akan ga gwaggon biri, da sa'a kuma ragon dutse. Yankin yana cikin gandun Ayar da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7, wanda UNESCO ta amince da shi a 1991. Ba farauta, ba saran ɗanyen itace.

A shiga da sassafe, mutum uku ko fiye, da ɗan gari. Kowa da lita 4 a bayansa, a raba uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. Da kashin farko ya ƙare a juya, ko an kai ko ba a kai ba. A kowace mararraba a waiga a kalli hanyar ta fuskar dawowa, domin kwazazzabo yana canza kama in ka juyo. Kada ka dira daga wani dutse da ba ka tabbata za ka iya hawowa ba. Mutane da yawa a haka suke maƙalewa tsakanin gangare biyu. Dutsen da ruwa ya goge yana da santsi ko a bushe, a sauka da zama.

Agelman ruwan shan mutane da dabbobi ne. Ba a sa sabulu, ba a wanki a ciki. A ɗiba a koma gefe. Ba a yin tsalle a ciki, domin zurfinsa ba ya ganuwa kuma sanyinsa yana ɗaure jiki. Na sha a tace da tsumma, a tafasa ko a sa ƙwaya a jira minti 30.

In hadari ya haɗu a kan tsauni, ko ka ji iska mai sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko wani ruri kamar na babbar mota daga sama, hau gefe nan take, ka bar kaya. Ba a tsere wa ruwa ta bin tsawon kwazazzabo.

Mai sauran kwanaki da ƙarfin gwiwa zai iya ware kwana uku ko huɗu daban don Bagazam, ta ɓangaren Tabelot. Can ne ƙololuwar Idukal-n-Tagas, mita 2,022, wuri mafi tsawo a Nijar, kuma a saman tsaunin akwai ƙauyuka da lambunan tafarnuwa da dankalin turawa. Da ƙafa ake hawa, jakuna su ɗauki kaya.

Mataki na 7: Wuraren tarihi

Asode tana kan hanyar Timiya zuwa Iferwan. Tsohon birni ne na Abzin, matattarar ayari, ya yi ta raguwa har ya zama kufai bayan yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917, lokacin da Abzinawa ƙarƙashin jagoransu Kawusan suka yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas, Faransa kuma ta rama da kisa da korar jama'a daga duwatsu. Abin da ya rage layukan gidajen dutse ne, da babban masallaci, da fasassun tukwane a ko'ina. Bagobiri ya tsaya a nan da natsuwa, domin tarihin baka na Gobirawa yana cewa a Abzin kakanninsu suka zauna kafin su gangara kudu.

A ajiye mota a waje a shiga da ƙafa. Bangayen dutse ne aka jera da laka, hawa ɗaya yana zubar da abin da ya tsaya shekaru ɗaruruwa. Ba a ɗaukar ko katangar tukunya. Tulin duwatsu da za ka riƙa gani a kan tudu a duk faɗin ƙasar, da yawansu kaburburan mutanen da ne. Ba a ɗibar dutsensu don murhu ko alamar hanya.

Daga Iferwan, bayan an huta an cika ruwa, sai a yi yamma a faɗa hanyar Arlit zuwa Agadas. Kwalta ce a suna, ta lalace ƙwarai, a tafi da ita kamar burji. Kimanin kilomita 110 kafin Agadas ake ratsewa zuwa Dabus. A kan wani faffaɗan dutse an sassaƙa raƙuman dawa biyu, babban ya haura mita biyar, da zanen jikinsa dalla-dalla, da wani layi da ya sauko daga bakin kowanne zuwa ɗan ƙaramin mutum. Masana suna ba su shekara 6,000 zuwa 8,000, zamanin da wurin yake da ciyawa da ruwa. A kewayen akwai wasu zane-zanen sama da 800. A zo da sassafe ko da yamma, lokacin da rana ke bugun dutsen a karkace, domin da tsakar rana zanen ɓacewa yake. Akwai masu gadi 'yan yankin, a gaishe su a biya abin da aka tsara. Ba a taka zanen, ba a zuba masa ruwa ko a bi shi da alli don hoto ya fito, ba a rubuta suna kusa da shi. Dutsen mai taushi ne, abin da ya goge ba ya dawowa.

Mataki na 8: In abu ya ɓaci

Ƙishirwa ba ta sallama a busasshiyar iska, domin gumi yana bushewa kafin ka gan shi. Ma'auninka fitsari ne: in ya yi ja ya ragu, kana baya. Ciwon kai, jiri da saurin fushi su ne alamu na gaba. A kwantar da mutum a inuwa, a jiƙa masa riga, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa. In ya fara sambatu ko jikinsa ya yi zafi ƙwarai, a ci gaba da jiƙa shi ana fifita, a nufi asibiti mafi kusa.

Saran maciji: ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a ɗaura wa gaɓar sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutumin zuwa mota, a tafi. Harbin kunama ga babba yawanci zafi ne, ga yaro kuwa maganar asibiti ce ba jira.

In mota ɗaya ta mutu, kada ɗayar ta tafi da duk ruwan ko ta tafi ba jagora. A bar wa masu jira kaso mafi yawa, a faɗi lokacin dawowa. In duka biyun sun tsaya, kowa ya zauna wurin motoci. Mota ana hango ta daga nesa, mutum a ƙafa ba a ganinsa. A kafa inuwa da tabarmi, a daina motsi da rana, a ƙirga ruwa a raba. Da rana a sace iskar tsohuwar taya gaba ɗaya a ƙona ta nesa da motoci, baƙin hayaƙinta yana kaiwa nesa. Da dare a kunna wuta a kan tudu. In tafiyar ƙafa ta zama dole, jagora ne zai yi ta, shi da mutum ɗaya, da dare, zuwa rijiyar da ya sani.

Da an shigo Agadas a koma wurin hukumar da aka sanar a ce an dawo, a kira mutumin da aka bar wa takardar hanya, a sallami jagora da cikon kuɗinsa a gaban shaidan da aka yi ciniki. Kafin a kama hanyar Damagaram ko Tawa a kai motoci wurin bakanike ya busa tacen iska, ya duba sifirin da ƙusoshin tayoyi, domin girgizar dutse tana kwance su.